Ranar Da Na Sa Kawuna Ya Yi Ƙarya

Laifina ne, ba na mai shagon buga takardu ba, duk da na daɗe ina ɗora masa. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, ina zaune a Mararaba gidan kawuna, bakanike a Apo. Wayar salula ba ta jima da shigowa ba, kamfanoni sai buɗe ofis suke yi a Abuja. Wani kamfanin sufuri ya nemi mai kula da gyaran motocinsa, na tafi a buga mini CV.

Da muka zo gurbin ayyukan da na taɓa yi, na ce babu. Mai shagon ya yi dariya, ya ce ai oga ba ya karanta takardar da tsakiyarta fayau take. Ni da bakina na mayar da rumfar kawu kamfanin injiniyoyin mota, na naɗa kaina manaja na shekara uku, ni da ko sifana ban taɓa riƙewa ba don ƙyamar baƙin mai. Na sa lambar wayar kawu a matsayin mai ba da shaida, ban gaya masa ba.

Bayan mako biyu ya dawo daga aiki, ya zaunar da ni. Ya ce yana ƙarƙashin mota wata mata ta kira shi daga kamfanin, ta karanta masa abin da na rubuta, ta tambaya ko gaskiya ne. Ya ce mata e, don kada ya toshe wa ɗan 'yar'uwarsa hanya. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, tunda yake bai taɓa sa wa mutum tsohon kayan gyara ya ce sabo ne ba, sai yau ya sayar da ni a haka.

Na samu aikin, amma kullum na ga katin shaidar aiki da ke wuyana sai in tura shi cikin riga. Direba zai kawo ƙarar birki, in yi ta gyaɗa kai kamar na gane. Ban cika wata biyu ba na ajiye.

Ɗalibai 'yan'uwana, in ba ku taɓa aiki ba, ku rubuta karatunku da abin da hannunku ya iya, ku tsaya nan. Ƙaryar takarda sai ta nemi bakin wani mai mutunci ya tsaya mata.

Sai da na shekara ina kauce wa idon kawu kafin na same shi a Apo. Na durƙusa a kan ƙasar da ta sha baƙin mai, gaban abokan sana'arsa, na ce masa na ci da sunansa ba da izininsa ba, ya yafe mini don Allah.