Sadiƙu da Kunyoyin Gitarsa

Sadiƙu manomin gero ne a wani ƙauye kusa da Guci, ranar kasuwa kuma yana jigilar kaya da amalanken shanu. A rumfata yake cajin wayarsa, nan ne ma ya fara ganin bidiyon wani saurayi yana kaɗa gitar. Bai taɓa ganinta ido da ido ba, balle ya riƙe. Ya kalla, ya maimaita, ya ce shi ma sai ya ƙera tasa. Ni kuwa duk kasuwa sai na tare shi na ji inda aka kwana.

Gangar jikin ba ta ba shi wahala ba, galan ɗin mai ya fafe. Tsirkiya kuma wayar birkin moto ya warware sili-sili. Wuyan ne ya zame masa aiki. Na fari da ɗanyen dogon yaro ya sassaƙa, yana ɗaure wayoyi ya tanƙware kamar baka.

A gidansa akwai busassun katakai biyu na maɗaci, ragowar ƙofar mahaifinsa. Matarsa Ɗela ta daɗe da cewa nata ne, ƙofar akurki za a yi mata, don muzuru ya ishe ta da ɗaukar 'yan tsaki. Da lallashi ya karɓi ɗaya.

Wannan wuyan ya miƙe sarai. Saura ƙarafan nan da ke gicciye a kansa, waɗanda Sadiƙu ke kira kunyoyi. Ya karya kara ya yi ma'auni, ya tsaga gurabe goma sha biyu, tazara ɗaya ba kuskure, ya kafa ƙusoshi a kwance. Da ya kawo mini na gwada kowane gurbi. Biyu ne kawai suka yi kama da kiɗa, sauran kamar akuya ta shaƙe.

Na buɗe bidiyon na nuna masa cewa na saurayin matsewa suke yi in an doshi gangar jikin. Ya yi dariya, ya ce ai ya gani tun tuni.

"Kai ba ka noma ne. Tsaya a bakin gona ka hangi kunyoyi, na can nesa ba haɗewa suke yi ba? Ido ne kawai."

Na ce to, amma saurayin a gicciye ya riƙe ta, babu gefen da ya fi nisa. Ya karɓi wayar, ya juya ta, ya sake juyawa, ya miƙo mini.

Katako ɗaya ya rage. In ya ɓata shi, ba gitar, ba ƙofa. Ɗela ta ce ko kallonsa kada ya yi. Shi kuwa abin da ya hana shi sukuni, me zai sa tazara ta ƙi zama daidai?

Sai ya cire ƙusoshin daga ɓataccen wuyan, ya riƙe guda yana zamar da ita ƙarƙashin waya yana saurare. Da yake bai gama yarda da kunnensa ba, ya roƙi Ɗela ta riƙa rera waƙar da take yi wajen daka. Inda muryarta da wayar suka haɗu, ya ja layi da gawayi. In ya zarce ta ce, "Baban Kausar, ka wuce, dawo kaɗan." Da ya duba layukan, ga su suna matsewa da kansu, kamar na bidiyon.

Ita da kanta ta ɗauko masa katakon ƙarshe, ta ce layin nan rabinsa aikinta ne, ba za ta bari ya tafi a banza ba.

Gitar ta tashi, ko da yake waya ɗaya har yau tana saki in rana ta yi zafi. Ɓataccen wuyan kuwa ya bi tsagogin nan da zarto, guntaye suka fito kai ɗaya, ya jera su ya buga wa akurki ƙofa. Dalilin matsewar dai bai gano ba. Kasuwar da ta wuce ma ya sake tambayata, na ce ni ma ban sani ba.