Kira Na Uku

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin gwaggona. Shekara ashirin da biyu ta yi a filin jirgin sama, a teburin nan na bakin ƙofar shiga jirgi. Aikinta jerin masu jiran gurbi ne: waɗanda tikitinsu na yamma ne amma suna so su bi na safe, da waɗanda jirgi ya tashi ya bari. Sai kowa ya shiga, in kujera ta rage, ta ɗauki lasifika ta kira na kan gaba. Ƙa'idar ita ce a kira suna sau uku, in an ji shiru a soke. Jerin kuma na yini guda ne, gari na wayewa kwamfuta ta share shi.

Saura Ɗaya abokan aiki ke ce mata, don da wannan kalma take lallashin fasinja. Mu ma a gida, ko alewa take raba mana, haka take cewa.

Tana shekara ta shida a aikin, wata safiya wani mutum ya zo da 'yar jaka ruwan toka. Don sauri, ƙafa ɗaya takalmi sau-ciki ya sa, ɗayar silifa.

"Yaya, ki taimaka," in ji shi. "Tikitina na yamma ne, mahaifiyata kuwa an ce da wuya ta kai yamma."

"Jirgin ya cika, ɗan'uwa. Amma zauna kusa, kai ne na ɗaya."

Ya zauna a kujerar jikin ginshiƙi, jaka a cinya. Jirgin safe babu gurbi, na hantsi ma babu. A na sha biyu sai ga kujera ɗaya. Ta kira shi, shiru. Ta sake kira tana hango shi, kansa a jingine. Kafin ta yi na uku, mai shara ta taɓa kafaɗarsa, tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Rai ya riga ya yi halinsa.

Gwaggo ba ta soke sunan ba, tunda kiran bai cika ba. Washegari yana nan a saman jeri. Masu gyara suka goge, har kwamfutar aka sauya, yana nan. Kujerar jikin ginshiƙin kuwa, ko cunkoso ya kai ana zama a ƙasa, babu mai hawanta. Wani zai nufo ta da kayansa, sai ka ji ya ce, "Yi haƙuri, malam," ya wuce.

Shekara goma sha shida tana tsallake sunan, tana farawa daga na biyu. Tsoro take ji, ba ta ɓoye mana ba.

Ranar da za ta yi ritaya, shugaban sashensu ya leƙo yana zolaya.

"Saura Ɗaya, mutuminki fa? Gadonsa za ki bar mana?"

"Kai da ko wayata ba ka ɗagawa, kai za ka iya da shi?"

Aka yi dariya, amma maganar ta tsaya mata a rai. In ta tafi, babu wanda ya san kira ɗaya ya rage wa bawan Allah. Haka za a yi ta tsallake shi har a rushe ginin.

Jirgin sha biyu ya rage kujera ɗaya. Na biyu a jeri, wani ɗan kasuwa, har ya miƙo tikitinsa. Gwaggo ta ce ya dakata. Ta ɗauki lasifika, ta kira sunan.

Na'urar duba tikiti ta yi ƙara, fitilarta ta koma kore, babu kowa a gabanta. A hanyar shiga jirgi aka ji taku: ƙwas na takalmi, sannan jan silifa, har ya yi nisa.

Ma'aikaciyar jirgi ta yi magana ta rediyo. "Mun ƙirga, ɗari da ashirin cif, ba kujerar da ta rage. A rufe ƙofa?"

"A rufe," in ji Gwaggo.

Washegari sunan ya ɓace, wata mai jego ta zauna a kujerar tana shayar da jaririnta. Gwaggo tana gida yanzu, tana fama da shuke-shukenta na cikin tukwane. Sai dai sha biyu na yi takan ajiye buta, ta ɗaga kai sama, ta yi mana tambayar da ni ma zan bar maka: can da mutumin nan ya sauka, wa ya zo tarbarsa?