Igiyar Jakina a Mashigin Kalgo

Samarin da ke fita fatauci yanzu sukan tambaye ni abin da ya kamata mutum ya riƙa a hanya. Nakan ce musu su nemi wanda ya san wurin, su ji maganarsa tun kafin su gane dalilinta. Ni a cikin ruwa na koyi wannan.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, mota kuwa labarinta kawai muke ji. Mahaifina ya rasu ya bar mini jaki guda, ja, mai tsage a kunne. Shi ne duk abin da na mallaka. Kawuna, wanda ya tsufa a fatauci, ya yarda in bi shi daga Gwandu da zannuwan rini, mu kai su kasuwa wajen Diggi. Muka bi ta Kambaza, muka sauka Kalgo, da hantsi muka gangara bakin gulbi. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya haye fadama, ciyawar burugu ta rufe gefensa har ba ka sanin inda ƙasa ta ƙare.

Mai jirgin fito wani Basarke ne, daga masuntan gulbin, dattijo, gajere, mai faɗin ƙirji. Ya dubi jakina, ya dube ni.

"Ɗan tudu, wanga ya taɓa shiga ruwa?"

"Ya sha na rijiya, baba."

"Kai ma da ganinka iyakarka ke nan."

Kawu ya bar nasa jakin a gidan da muka sauka, ya ce ba ya kai dabba gulbi a wannan wata. Ni na ga ba zan iya ɗaukar kaya a ka har Diggi ba, ga jaki. Bai hana ni ba. Muka sauke kayan, muka cire akumari daga bayan jakin, aka jera su a tsakiyar jirgi. Wata mata ta shigo da goyo da tukwane, ta zauna kusa da ni.

Al'adar mashigin ita ce dabba ta yi iyo a gefen jirgi, mai ita yana riƙe da igiya don ya ɗaga mata kai. Basarken ya kama hannuna ya buɗe tafin, ya ɗora igiyar.

"Haka za ka riƙe. Ba a naɗewa a hannu, ba a ɗaurewa a jirgi. In na ce saki, ka saki."

Da farko abin ya tafi daidai. Jakin ya yi turjiya, Kawu ya tura shi, ya faɗa, ya kama iyo yana huci. Ina jin numfashinsa a gwiwata. Muka wuce tsakiya, inda gora ba ta taɓa ƙasa, dattijon ya koma tuƙi da filafili. Can muka shiga wani wuri da ruwa ya kwantar da ciyawa a ƙarƙashi.

Igiyar ta yi nauyi a hannuna. Jirgi na tafiya, jaki ya tsaya. Ciyawa ta naɗe masa ƙafafun baya. Ya nutse har kunne, ya taso, ya ɗora haɓarsa a bakin jirgi. Jirgin ya karkata, ruwa ya zubo ya jiƙa mini wando, tukwane suka gangaro. Matar ta dafe ɗanta ta baya tana salati a hankali.

"Saki," in ji Basarken.

Na ja da ƙarfi. Na ga kamar in na ƙara ja sau ɗaya ciyawar za ta tsinke. Jakin ya ɗago ƙafar gaba yana neman ya hau, kofatonsa na kankarar katako. Ruwa ya sake shigowa, wannan karon ya kai ga ƙunshin zannuwa.

"Ɗan tudu, da kai nike. Mu biyar ne a nan."

Na dubi Kawu. Yana zaune ya rungume kaya, ya zuba mini ido. Idon jakin kuwa yana dab da fuskata, ya yi fari. Tun ina yaro nake kai masa harawa.

Matar ta ce, "Ɗana, don Allah."

Na buɗe hannu. Igiyar ta zare ta ƙona mini tafi. Dattijon ya sa filafili ya ture haɓar jakin daga bakin jirgi, jirgin ya koma ya daidaita. Kan jakin ya taso a bayanmu, ya sake tasowa can nesa kaɗan, daga nan sai burugu kawai ke motsi. Kawu ya miƙa mini ƙoƙo ya ce in kwashe ruwa. Na yi ta kwasa har muka kai gaɓa, ban ɗaga kai ba.

Da muka fita, Basarken ya koma shi da wani ɗan'uwansa suka dudduba da gora, ba su samu komai ba. Ya dawo ya dafa kafaɗata.

"Allah shi mayar maka. Wasu sai na sare musu igiya."

Muka shanya zannuwan da suka jiƙe a kan yashi. Rini ya ɗan zuba a biyu daga ciki, sauran lafiya lau. Da suka sha iska, Kawu ya naɗa gammo da rawaninsa ya ɗora mini a ka, ya ɗaga ƙunshin ya aza. Akumarin kuma ya rataya a kafaɗarsa, ya ce ba a yar da shi, za a sami mai saye.

"Ka iya tafiya?"

"Na iya, Kawu."

"To mu tai, kasuwa ta fara ci."

Muka kama hanyar Diggi, shi a gaba, ni a baya, tafin hannuna na zafi.