Murfin Idon Kyamarar Kawu

Jikana ne ya tono ta. Yaron nan ba ya ganin akwati a rufe ya ƙyale shi. Ran Juma'ar da ta wuce na tarar da shi zaune a tsakar ɗakina, ya kwance tsohon kallabin da na naɗe kyamarar Kawu a ciki, ƙamshin fata da kafur ya cika ko'ina. Jikin kyamarar ma bai dame shi ba. Gilashin gabanta ya murɗe ya cire, yana jujjuya shi yana cewa wai akwai masu tara irinsa a duniya, nemansa suke yi ido rufe. Na ce, "Angona, mayar min da abina inda ka gan shi." Ina fa, bai mayar ba. Ni kuwa ƙamshin nan ya riga ya kai ni gidanmu na unguwar Moshi Zango a Kumasi, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne mai hoton unguwarmu. Suna, aure, saukar karatu, dawowar alhazai, duk da shi. Gilashin nan ido yake ce masa, kuma ya fi ji da shi a kan kyamarar kanta. Wurin wani Bature mai aikin katako da zai koma gida ya samo shi. Kun san gidajen Zango, tsakar gida a matse, ɗaki na kallon ɗaki, babu inda za ka ja da baya. Sauran masu hoto sai sun fitar da mutane bakin titi. Kawu kuwa sai ya jingina da bango, idon nan ya kwaso gida ɗungurungum, har da tukwane da igiyar shanya. Ga shi da shan haske. Ko hadari ya rufe Kumasi, idan ya buɗe shi iyaka, hoto sai ya fito.

A duk yaran gida ni kaɗai ya bari na taɓa ta, ni kuwa na ɗauki girman kai na ɗora wa kaina. Ya nuna min 'yar tagar da ke sama, wadda ake leƙawa. Idan ka leƙa, sai ka ga mutum ya rabu biyu a tsakiya, sai ka murza zoben idon a hankali har biyun su haɗe, sannan ka danna. Abu ɗaya yake nanata min: "'Yata, tagar nan daban, idon daban. Ko ido a rufe yake, ke za ki ga komai tangaran. Kafin ki kalli mutane, kalli murfi." Ni kuma in ce na sani, na sani. Baki gare ni tun ina ƙarama.

Mutum ɗaya ce Kawu bai taɓa ɗauka ba: uwarsa. Kaka mai koko da ƙosai ce, tun asuba tana bakin kasko, Asantawan layinmu ma wurinta suke karyawa. Da ta hango shi da kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wanda ke son ganina ya zo ya sha koko," in ji ta.

Ƙarshen shekarar sittin da tara aka yi sanarwa a rediyo, wai duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Babana haifaffen Kumasi ne, kakansa ne ya zo fataucin goro daga Kano, kuma yana da takardu, don haka mu da mahaifiyata aka ce mu zauna. Dangin uwa kuwa mutanen Nijar ne. Kaka ta fi shekara talatin a garin, amma ba ta da ko ƙyallen takarda, haka Kawu. Kafintocin unguwar Anloga suka shiga buga akwatuna ba hutu. Kaskon Kaka, wata maƙwabciyarmu Ba'asantiya ta bar wa, matar tana karɓa tana kuka.

Ranar tafiya, bayan an sallame asuba, gari bai gama wayewa ba, Kaka da bakinta ta ce, "Kai mai ƙarfen nan, zo ka ɗauke mu, 'yata ta samu abin kallo." Mahaifiyata take nufi. Kawu ya jera mutane, ya zaunar da Kaka a tsakiya a kan turmi, ya buɗe idon iyaka saboda ƙarancin haske. Sai ya tsaya. Shi ma bai taɓa fitowa a hoto tare da uwarsa ba. Ya mayar da murfi kamar yadda hannunsa ya saba, ya rataya min kyamarar a wuya, ya je ya durƙusa kusa da ita.

Na jingina da bango, na leƙa. Ga su nan duka. Kaka ta yaye mayafi, ta rabu biyu, na murza har ta haɗe. Na danna, na ja fim, na sake, har sau uku, ina jin kaina wata babba. Da na sauke kyamarar ne na ga murfin nan baƙi zaune a bakin ido.

Na waiga, kowa ya koma kan kayansa, babu mai kallona. Na cire murfin wuf, na cusa shi a ƙugun zanena. Kawu ya ƙaraso ya ce, "Kin gan mu duka?" Na ce, "Na gan ku duka." Ya shafa kaina.

Kada ku ce lokaci ne ya ƙure. Lorin da zai kwashe su bai tashi ba sai da rana ta fito sosai. Akwai sauran fim a ciki, turmin yana nan inda yake, Kaka tana zaune a kan ƙunshinta tana tauna goro. Kalma ɗaya ce kawai. Amma ni mai "na sani", in buɗe baki a gaban jama'a in ce na yi shirme? Kunya ta ɗaure min harshe har lori ya sha kwana. Kyamarar kuwa Kawu a hannuna ya bar ta, don yana tsoron a ƙwace a kan iyaka. Ya ce in riƙe masa amana har ya dawo.

Baba ya kai fim wurin wani mai wanke hoto a cikin gari. Hotunan sunan da aka yi kafin nan duk sun fito fes, uku na ƙarshe kuwa fayau, babu ko inuwa. Baba ya yi wa mutumin tas, ya ce shi ya ɓata mana. Ina tsaye ina ji. Mahaifiyata ta ɗaga fim ɗin tana duba shi a rana, ta daɗe, ko za ta ga wani abu.

Da damina ta kama a shekarar saba'in, wasiƙa ta zo daga Nijar cewa Kaka ta rasu. Kawu bai dawo ba shi ma. Mahaifiyata ta rayu shekaru da yawa bayan haka, kuma duk ranar da aka ambaci uwarta sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da mai wanke hoto. Sau nawa na zauna kusa da ita da niyyar faɗa! Har na rufe mata ido ban faɗa ba. Wannan abu yana cina har gobe.

Yanzu hoto ya zama ruwan dare a Zango, ko tuwo aka tuƙa sai an ɗauka. Ni kuwa muryar Kaka tana kunnena, ina tuna kaushin tafin hannunta, amma fuskar ta ɓace min. Idan na matsa wa kaina, mayafi kawai nake gani.

Jiya yaron ya dawo da wani zobe da ya saya, ya ɗaura idon Kawu da shi a kan kyamararsa ta zamani mai allo a baya, ya miƙo min wai in gwada a kansa. Na karɓa, na ɗaga. Allon baƙi ƙirin. Ya leƙo, ya fashe da dariya, ya ce, "Hajiya, murfi! Ba ki cire murfi ba."

Ya ga hawaye yana zubo min, ya rikice, yana ta ba ni haƙuri, wai wasa yake yi. Na ce, "Ja kujera ka zauna, angona. Akwai wani mai wanke hoto da aka yi shekara da shekaru ana yi wa Allah ya isa a gidan nan, kuma ba shi ne ya yi ba."