Dda Lunis, Mai Jan Gaba a Dutsen Guraya

Yayana Dda Lunis (Dda muke ce wa babban wa a wajenmu) bai taɓa yin wata sana'a ba ban da hawan dutse. Tun yana saurayi shi ke kai baƙi saman Guraya su ga teku, ya sauko da su kafin la'asar. Bai iya kamun kifi ba, zaitun ɗin da babanmu ya bari ma ni nake kaɗewa. Shi dai a ba shi sandarsa da mutane a bayansa, shi ke nan duniya ta yi masa daɗi. Ga baki! Idan biri ya fizge gurasar baƙo sai ya ce, "Yi haƙuri, dangin Akli ne, haka suke." Ni ne Akli. Ya manta uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Aikinmu na mutum biyu ne. Babba a gaba, ƙarami a baya yana tattaro masu haki da masu tsayawa ɗaukar hoto. A wajenmu kuwa ƙane ba ya shiga gaban wansa a hanya, balle ya gyara masa a gaban baƙi. Gara ka mare shi.

Sai idanunsa suka fara tafiya. Na gane ne ranar da ya yi wa kututture sallama. Likita a birnin Bejaya ya duba ya ce jijiyar ta mutu, ba abin yi. A mota na ce, "Dda, ko mu sauya, in riƙa jan gaba?"

Ya ce, "Sai ran da ka haife ni."

Matarsa Nna Feruja ta tare ni a ƙofa tana hawaye. "Akli, idan aka zaunar da mutumin nan a gida, wallahi mun kashe shi. Nemo dabara, don Allah."

Dabarar da na samo ita ce fiton da muke yi wa awaki muna yara. Ɗaya dama, biyu hagu, dogo tsaya. Ban gaya masa ba, bai tambaye ni ba, amma ranar farko da na yi sai ya karkata. Ƙafarsa ta haddace hanya, ni kuma nake zama idonsa daga baya. Baƙi suna cewa, "Kai, ƙanen nan akwai nishaɗi!" Nishaɗin me? Kullum raina a hannun Allah nake hawa, in na dawo abinci ba ya shiga.

Wata Juma'a wasu malaman makaranta suka zo daga garin Setif, suka ce su hanyar bakin teku suke so, wadda aka sassaƙa a jikin dutse. Faɗinta na mutum ɗaya ne, dutse a hagu, rami a dama, ruwa can ƙasa. Na ja shi gefe na ce, "Dda, yau akwai iska. Mu bi ta cikin itatuwa."

"Tsoro kake ji? To koma gida ka taya Feruja murza kuskus."

Muka shiga. Ya umarce su kamar kullum, kowa ya taka inda na gabansa ya taka. Wadda ke bin sa wata malama ce, Zahwa, idonta a kan diddigensa. Da muka kai wata kwana sai iska ta taso daga teku da ƙarfinta. Daga can ƙarshen layi na hango abin da ke gabansa: ruwan sama ya zaftare tsohuwar hanyar, an ɗaura jan ƙyalle, sabon sawu ya hau ta hagu. Shi ina zai ga ƙyalle? Ƙafarsa ta miƙe inda ta saba.

Na yi fito biyu. Iska ta kwashe. Na yi dogo, ta kwashe. Na sake, bakina ya bushe, iska kawai ke fita. Na ƙwalla, "Dda! Tsaya!" Ko waiwaye. Ba wurin wucewa, mutane a jere tsakanina da shi. Wayyo Allah, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Na damƙi kafaɗar na gabana na ce a kunnensa, "Gaya wa na gabanka a riƙe shi! Ba ya gani!"

Ina kallo maganar ta bi layi, baki zuwa kunne, kowa ya juya ya faɗa. Ba ya gani. Ba ya gani. Asirin da muka rufe a gida, ga shi a bakin mutanen da ko sunanmu ba su riƙe ba. Ta isa ga Zahwa, ta cafke rigarsa da hannu biyu. Sandarsa na lilo a iska, tana neman ƙasa.

Ya zauna a wurin. Da muka juya, ni na zama na gaba, shi a ƙarshe, hannunsa a kafaɗar baƙuwa.

A ƙasa wasu suka yi min godiya, wani ya zage mu tas, kuma da gaskiyarsa. Da motarsu ta tashi na zauna kusa da shi a kan dakali. Can ya ce, "Akli."

"Na'am, Dda."

"Matar nan, lafiyarta lau?"

"Lau take."

Ya gyaɗa kai, fuskarsa na fuskantar dutsen. "Ita ya kamata ka ce a riƙe. Ni da ka bar ni."