Takalmin Ƙanwata a Kanal

Shagon gem ɗin ƙauyenmu yana tsallaken kanal, wato hanyar ruwan noman rani, a kan hanyar Kura. Ɗakin langa-langa ne da talabijin biyu da janareta mai yawan tari. Dokar shagon ɗaya ce: wanda aka ci shi ke sakin hannun gem, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Ni kuwa kullum ni ake ci, don yatsuna sun fi sanin tsinkar tumatir.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka rufe ruwa na 'yan kwanaki don a yashe kanal. Ranar nan Umma ta ba ni ƙanwata, 'yar shekara huɗu, ta ce in kai ta gona wurin Baba. Muna isa bakin kanal na jiyo ihun yara daga shago, ƙafata ta ƙi gaba. Na sauka da ita cikin busasshen kanal, inda inuwar gada take, na tara mata yashi.

"Zauna nan, kar ki motsa. Yanzu zan dawo."

Wasa ɗaya na yi niyya. Sai ga shi ranar, ranar kaɗai a rayuwata, na ci. Na ci na biyu, na ci na uku, har da ɗan mai injin shinkafa da ba a taɓa tayar da shi ba. Yara suka dinga dukan bayana, kaina ya kumbura. Wa zai tashi? Sai da man janareta ya ƙare, ɗakin ya yi tsit, sannan na ji ƙarar. Duk ɗan yankinmu ya san ta. An saki ruwa.

Ban san yadda na fita ba. Kanal ya cika ya batse, ruwan ja-ja, yana tura kara da leda. Inda na ajiye ta babu komai sai takalminta na roba ƙafa ɗaya, ya maƙale a ciyawa yana juyawa. Na tsamo shi. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, har fitsari ya zubo mini ban sani ba. Na bi gefen ruwan da gudu, duk baƙar ledar da ta taso sai in ga kamar kanta ne.

A bakin gonarmu na gan su. Baba na tsaye, ga wata Bafulatana mai tallar nono, a jiƙe har ƙugu, da ƙanwata a kafaɗarta.

Baba bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Takalmin hannuna ya kalla.

"Sa mata," ya ce.

Matar ta sauke ta, na durƙusa, na kasa sa mata. Matar ce ta yi magana, ba ma da faɗa ba.

"Tun daga nesa nake kiranta ta hau sama, ruwa na zuwa, ta ƙi. Da na sauka na ɗauke ta, har cizona ta yi."

Baba ya tambayi ƙanwata me ya hana ta fitowa. Ta leƙo ni tana murmushi, tana jiran in yaba mata.

"Yaya ne ya ce kar in motsa."