Itacen da Na Sara a Maƙabartar Baƙi

Mun tashi da asuba daga Hayyus Sabi', unguwar da muke zaune, mu uku: ni, da abokin ɗakina ɗan Damagaram, da wani dattijo da ya zo daga Gusau sarin kaya a kasuwar Ataba. Dattijon mahaifin abokin karatunmu ne da ya rasu shekara biyu da suka wuce. Bai samu zuwa jana'iza ba. Da ya gama ɗaure kayansa sai ya ce ba zai hau jirgi ba sai ya tsaya a kan kabarin ɗansa. Na ce masa wannan mai sauƙi ne, domin na yi wa wurin alama da hannuna.

Ƙaramar bas ta sauke mu a tashar Ramsis, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Giza. A bakin tasha muka karya da ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya, jinai ɗaiɗai na kuɗin ƙasar. Dattijon, wanda muke kira Baba, ya juya ɗa'amiyyar ya duba cikinta, ya ce ƙosai ne dai da bai ji barkono ba. Ita ce kaɗai dariyar da muka yi a ranar. Daga nan muka shiga wata mota muka kama hanyar Fayyum. Dalar Fir'auna ta wuce ta gefenmu, kowa a motar bai ko ɗaga kai ba, shi ma Baba carbinsa yake ja. Sojoji sun tsayar da mu sau biyu, suka duba fasfo, suka ce yalla, wato mu wuce.

Maƙabartar tana bayan wani ƙauye, a inda gonaki suka ƙare yashi ya fara. Wani manomi ne ya ba da filin sadaka don a riƙa binne baƙi. Ranar da muka kai marigayin, jerin itatuwan sarwu ne suka kewaye ta, dogaye masu tsini, kore shar rani da damina, an shuka su don tare iska. Mu a gida ba ma rubuta suna a kabari, kuma ba mu so mu fara a ƙasar wasu ba. Sai na yi abin da nake gani ana yi a dajinmu: na zaro wuƙa na sassaƙe ɓawon itacen da ke daidai kan marigayin, faɗin tafin hannu, na yi masa sara uku.

Da muka sauka daga tuk-tuk, keke mai ƙafa uku da ya ƙarasa da mu, sai na ga wurin ya sauya. Gefen gabas duka babu itace ko ɗaya, sai kututture a jere. Waɗanda suka rage sun yi ja kamar an babbaka su. Kaburbura kuwa sun ƙaru, iska ta shafe tudunsu, duk sun zama ɗaya. Na yi gaba na yi baya ina ƙirga kututture, ban gane komai ba. Baba yana tsaye da takalmansa a hannu, yana jira in ce masa ga shi nan. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Mai kula da wurin, wani tsohon Bamisire mai jallabiya ruwan toka, ya fito daga rumfarsa. Na tambaye shi abin da ya sami itatuwan. Sai ya ɓantaro ɓawon ɗaya daga cikin jajayen ya miƙo mini. Bayan ɓawon duk ƙananan huji ne, gari na zuba daga ciki. Cikinsa kuwa hanyoyi ne siriri, sun rarrabu kamar ƙayar kifi. Ya nuna mini ƙwaron da farce, baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce uwar ke shiga ta yi ƙwai, 'ya'yan su cinye abin da ke tsakanin ɓawo da itace, inda ruwa ke bi ya hau sama. Lafiyayyen itace yakan toshe hujin da danƙonsa. Amma a shekarar da man dizal ya yi wuya injin ban-ruwa ya yi makonni a kashe, itatuwan suka galabaita. Wanda ya kamu, maganinsa a sare a ƙone. Shi tsohon ne ya shuka su tun yana da ƙarfinsa, shi kuma yake sare su ɗaya bayan ɗaya.

"Daga ina abin ya faro, ya Hajj?" in ji abokina.

"Daga wanda aka ji wa ciwo. Wani ya sassaƙe shi da wuƙa, ta nan suka shiga. Shi na fara sarewa, ba zan manta da shi ba."

Ya wuce gaba muka bi shi, har ya tsaya a kan wani kututture da ya fi sauran baƙi. Taku biyu daga nan ga kabarin.

Na ce, "Baba, ga shi nan."

Baba ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan yashin. Ya daɗe yana addu'a, muryarsa ba ta rawa, hawaye ne kawai ke bin gemunsa. Da ya shafa, sai na juya wurin tsohon na faɗa masa cewa wuƙar tawa ce. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

"Ma'alish, ya ibni," ya ce, wato ba komai, ɗana. "Da ka tambaye ni, da na ba ka dutse."

Baba ya nemi in fassara masa, na fassara duka ban rage ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, tambaye shi inda ake sayar da dashen." Muka koma ƙauyen muka sayo guda uku, iya abin da hannunmu zai ɗauka, muka yi ta jido ruwa a jarka har la'asar. Na farkon Baba ne ya dasa shi da kansa, kusa da baƙin kututturen.

Mun iso Hayyus Sabi' ana kiran magariba, ƙafafunmu duk yashi. Tafiyar ta koya mini cewa abin da na saba yi a gida ba tare da tunani ba yana iya zama ɓarna a ƙasar da ban san itatuwanta ba, kuma tambaya ɗaya da ta ishe ni. Baba ya ga kabarin ɗansa, ya tafi da natsuwa. Ɓawon da tsohon ya miƙo mini yana nan a kan teburin karatuna, har yanzu gari na zuba daga cikinsa.